Air Mauritius: tambayoyi da amsoshi kan kamfanin jirgin da ya zama hanyar fita daga tsibiri

Mutumin da ƙasarsa ke da maƙwabta ta tudu, in kuɗin jirgi ya gagare shi sai ya nufi tasha ya hau mota. Mutumin Mauritius ba shi da wannan zaɓin, domin ko ta ina ya juya teku ce. Daga nan ake fahimtar labarin kamfanin jirgin saman ƙasar.

Ina ne Mauritius, kuma me ƙaramar ƙasa haka take yi da kamfanin jirgi nata na kanta?

Tsibiri ne a Tekun Indiya, gabas da Madagaska, kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar kudu maso gabashin Afirka. Mutanensa ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. A da rake ne kusan dukan arzikin ƙasar, daga baya aka shigo da masaƙu da harkar baƙi masu yawon buɗe ido. A shekarar 2019 baƙin da suka shiga ƙasar sun haura miliyan 1.3, wato sun fi 'yan ƙasar yawa, kuma kusan dukansu ta sama suka zo. Otal-otal da masu tasi da masu sayar da abinci, duk cinikinsu yana rataye ne ga saukar jirgi.

Yaushe aka kafa kamfanin?

A watan Yunin 1967, watanni kaɗan kafin ƙasar ta samu 'yancin kai daga Birtaniya a watan Maris na 1968. Gwamnati ta haɗa hannu da Air France da BOAC, wanda daga baya ya shiga cikin British Airways, da wani kamfanin kasuwanci na cikin gida mai suna Rogers. Abin da ya fi burge ni shi ne shekarun farko ba shi da jirgi ko ɗaya. Aikinsa kula da jiragen wasu ne idan sun sauka: ɗaukar kaya, karɓar fasinja, da sauran hidimar filin jirgi. Sai a 1972 ya fara tashi da ɗan ƙaramin jirgin haya samfurin Piper Navajo, wanda fasinjojinsa ba su cika goma ba. Sannu a hankali ya kai ga Boeing 707, sannan 747SP a shekarun 1980, sannan Airbus A340 a 1994.

Wane tsuntsu ne a jikin jiragensa?

Mutanen tsibirin suna kiransa paille-en-queue da Faransanci. Tsuntsun teku ne fari mai dogon gashin wutsiya siriri kamar kara, yana yin sheƙa a duwatsun tsibirin, yana tafiya nesa cikin teku neman kifi.

Ina da ina yake zuwa?

Cibiyarsa ita ce filin jirgin Sir Seewoosagur Ramgoolam, wanda aka raɗa wa sunan firaministan farko na ƙasar, a kudu maso gabashin tsibirin. Taswirar hanyoyinsa kamar tarihin mutanen ƙasar ce. Yana zuwa Paris da Landan, biranen ƙasashe biyu na ƙarshe da suka yi wa tsibirin mulkin mallaka ɗaya bayan ɗaya, inda 'yan Mauritius da yawa ke zaune ko suke karatu. Yana zuwa Mumbai, domin mafi yawan jama'ar ƙasar jikokin ma'aikatan da aka kawo daga Indiya ne don noman rake bayan an haramta bauta. Akwai kuma Johannesburg da Antananarivo da Kuala Lumpur da Perth a Ostireliya, da tsibirin Réunion da ke maƙwabtaka, wanda ba ya kai awa guda a sama.

Tafiyar Paris tana ɗaukar fiye da awa goma sha ɗaya ba tsayawa. Don irin wannan dogon zango yana amfani da Airbus A350, wanda ya fara karɓa a 2017, da A330neo da ya zo a 2019.

Me ya sa ake yawan ambaton Rodrigues idan ana maganarsa?

Rodrigues wani ƙaramin tsibiri ne na ƙasar, kusan kilomita 600 gabas da babban tsibirin, mai mutane kimanin 40,000. Jirgin ruwa yana zuwa, amma tafiyar ta wuce yini guda. Jirgin ATR 72 mai farfela yana yin ta cikin kamar awa ɗaya da rabi. Ga mara lafiyar da ke buƙatar babban asibiti, ko ɗalibin da zai koma makaranta, wannan ɗan jirgin ya fi A350 muhimmanci nesa ba kusa ba. A ganina a nan ne ake gane amfanin kamfanin na gaske, ko da hanyar ba ta kawo riba mai yawa.

Me ya same shi lokacin korona?

Ƙasar ta rufe iyakokinta a watan Maris na 2020, jirage suka kwanta a ƙasa. A watan Afrilu kamfanin ya miƙa kansa ga masu kula da kamfanonin da bashi ya yi wa katutu, don kada ya durƙushe gaba ɗaya. Gaskiya ita ce tun kafin annobar yana fama da asara, cutar ta zo ne ta tarar da shi a raunane. An sayar da wasu jirage, an rage ma'aikata. A watan Satumban 2021 ya fito daga wannan hali bayan gwamnati ta zuba masa rupi biliyan 12 na kuɗin ƙasar, ana gab da buɗe iyakokin ƙasar gaba ɗaya a farkon Oktoba.

Tunda Emirates da Turkish Airlines da Air France suna zuwa tsibirin, me zai hana a bar musu aikin?

Tambaya ce mai nauyi, kuma 'yan ƙasar ma suna yin ta, musamman idan aka jinkirta tashi ko aka soke shi saboda wani jirgi ya samu matsala. Kamfanin da jiragensa ba su da yawa, in ɗaya ya kwanta don gyara, dukan jadawalin sai ya rikice. Fasinja yana da haƙƙin ya yi kuka, mai biyan haraji kuma yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗinsa ya shiga.

Amma kamfanin waje riba ce ta kawo shi. Ranar da lissafi ya juya zai iya mayar da jirginsa wata hanya, ba mai hana shi. A watannin da iyakoki ke rufe, Air Mauritius ya yi jigilar kwaso 'yan ƙasa da suka maƙale a waje, ya kuma shigo da kayan asibiti. Kuma babu wani babban kamfani daga Dubai ko Istanbul da zai ɗauki nauyin zirga-zirgar kullum zuwa Rodrigues.