Masu binciken ƙwaƙwalwa a kan jarabar shaye-shaye: asalinsu da abubuwan da suke sha'awa

Masu binciken ƙwaƙwalwa a kan jarabar shaye-shaye masana ne da suke bin diddigin abin da giya, taba, wiwi, hodar iblis da ƙwayoyi irin su tiramol suke yi wa jijiyoyin kan mutum, har ya kai ga yana son ya daina amma ya kasa. Fannin bai tsufa ba, don bai kafu sosai ba sai bayan shekarar 1950, kuma waɗanda suka kafa shi kusan babu wanda ya taso da niyyar zama masanin shaye-shaye. Akwai injiniya a cikinsu, akwai mai lissafi, akwai makaɗin jita, akwai kuma waɗanda su da kansu suka taɓa faɗawa cikin ramin. Ga mai karatu a Garwa, Marwa, Kuseri ko Njamena, inda tiramol ya shiga tashar 'yan acaɓa da gona da makaranta, sanin su wane ne waɗannan mutane yana taimakawa wajen gane dalilin da ya sa aka yi wasu tambayoyi, aka bar wasu har yau ba a taɓa ba.

Waɗanda suka share fage

A 1954, a Jami'ar McGill da ke Montreal ta ƙasar Kanada, James Olds da Peter Milner suka dasa siririyar waya a cikin ƙwaƙwalwar ɓera. Wayar ba ta sauka inda suka nufa ba, sai ga ɓeran yana ta komawa lungun da ake ba shi ɗan tartsatsin lantarki. Da suka sa masa abin dannawa don ya riƙa ba kansa, sai ya yi ta danna shi babu ƙaƙƙautawa, wasu ɓerayen har sau dubbai a cikin awa guda. Daga nan aka san cewa akwai wata hanya a ƙwaƙwalwa da ke sa halitta ta maimaita abin da ya yi mata daɗi. Olds digirinsa na uku a Harvard ya yi shi, a ilimin halayyar ɗan Adam cikin jama'a. Milner kuwa ɗan Ingila ne, injiniyan lantarki da ya yi aikin na'urar hango jiragen sama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da babu mai hannu a harkar waya a ɗakin, da wuya gwajin ya yiwu yadda ya yiwu.

Haka Vincent Dole na Jami'ar Rockefeller a New York. Lissafi ya fara karantawa, sannan likitanci, ya ƙware a kan yadda jiki ke sarrafa abinci da kitse. Da wannan idon ya kalli masu shan heroyin, ƙwaya mai ƙarfi ta dangin ofiyom, ya ga cewa jikinsu ne ya sauya yana neman abin kamar yadda mai ciwon suga ke neman allurarsa. Shi da Marie Nyswander, likitar taɓin hankali wadda ta daɗe tana jinyar irin waɗannan mutane, da matashiyar likita Mary Jeanne Kreek, suka fara gwada maganin metadon, mai rage kwaɗayin heroyin, a 1964. Har gobe ana amfani da shi a ƙasashe da dama.

Labarin gano inda ofiyom, wato ƙaron wani fure mai kashe zafi da sa maye, ke kamawa a ƙwaƙwalwa ya fi kowanne nuna yadda abin da mutum ke yi a wajen aiki kan ja shi zuwa aikin. Solomon Snyder gwanin kaɗa jita ne tun yana saurayi, yana ma koyar da ita. Ɗaya daga cikin ɗalibansa na jita mai bincike ne a babbar cibiyar lafiya ta Amurka, shi ya ba shi gurbi a ɗakin gwaje-gwaje. Candace Pert kuma, ɗalibar Snyder a jami'a, doki ne ya kayar da ita, ta kwanta a asibiti ana ba ta maganin kashe zafi na dangin ofiyom, ta fito tana son sanin yadda abu ɗaya zai ɗauke ciwo ya kuma kawo nishaɗi. A 1973, a Jami'ar Johns Hopkins, su biyun suka nuna cewa ƙwayoyin jijiya suna da makarɓa ta musamman da ofiyom ke shiga kamar mabuɗi a kwaɗo. Shekara biyu bayan haka, a Aberdeen ta Sikotilan, Hans Kosterlitz da John Hughes suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana yin nata ofiyom ɗin da kanta. Kosterlitz a Berlin aka haife shi a 1903, ya gudu daga mulkin Hitila a 1934, kuma ya haura shekara 70 lokacin da suka yi wannan aiki. Hughes shi ke sammako zuwa mahauta yana kwaso ƙwaƙwalen aladu. Da aka ba da lambar yabo ta Lasker a 1978, mazan uku, Snyder da Kosterlitz da Hughes, aka ba, aka tsallake Pert, ita kuma ba ta yi shiru ba. Gaskiya tana gefenta.

A ɓangaren wiwi, Raphael Mechoulam, wanda aka haifa a Bulgeriya a 1930 ya koma Isra'ila a 1949, masanin haɗa sinadarai ne. Daga hannun 'yan sanda ya karɓi kilo 5 na ƙullin wiwi da suka kama, ya shiga motar haya da shi zuwa wurin aikinsa. A 1964 shi da Yechiel Gaoni suka ware sinadarin da ke sa maye a cikinta.

Nora Volkow da hoton ƙwaƙwalwa

Wadda sunanta ya fi fita a fannin yau ita ce Nora Volkow, wadda ta zama shugabar cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka a 2003. An haife ta a birnin Meziko a 1956. Tattaɓa-kunnen Leon Trotsky ce, jagoran juyin juya halin Rasha, kuma ta girma a gidan da aka kashe shi a 1940, inda ita da 'yan uwanta mata sukan zagaya da baƙi masu zuwa ganin gidan. Ta yi likitanci a Meziko, ta ƙware a taɓin hankali a New York, sannan ta shafe shekaru tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar masu shan hodar iblis da na'urar PET, mai nuna yadda sassan ƙwaƙwalwa ke aiki. Hotunan sun nuna raguwar wani nau'in makarɓar dofamin, wato sinadarin da ke zaburar da mutum ya nemi abu, da kuma rauni a aikin gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ke taka wa mutum birki.

An san ta da gudun motsa jiki kusan kullum, kuma takan faɗa a bainar jama'a cewa cakulan ya fi ƙarfinta. Amma abin da ya fi nauyi a tarihinta shi ne wanda ta bayyana da bakinta: kakanta na wajen uwa mashayin giya ne da ya kashe kansa, kuma mahaifiyarta ta ɓoye mata hakan har sai da ta kusa rasuwa, alhali 'yar tata ta riga ta yi shekaru tana wannan bincike. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin gida ya rufe ɗa a ɗaki don kada maƙwabta su sani, ya san irin wannan kunyar. Ita ce ta sa Volkow take nacewa a kan a kira abin ciwo, a kai mai shi asibiti.

So daban, jin daɗi daban

An daɗe ana cewa dofamin shi ne sinadarin daɗi. Mutane biyu a Jami'ar Michigan, Kent Berridge da Terry Robinson, suka gyara wannan a 1993. Sun nuna cewa kwaɗayin abu da jin daɗinsa hanyoyinsu daban ne a ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaya tana kumbura kwaɗayin ne yayin da daɗin ke raguwa. Shi ya sa za ka ji mashayi yana rantsuwa cewa abin ya daina yi masa komai, amma gari na wayewa ya nufi wurin mai sayarwa. Wolfram Schultz, likita ɗan Jamus da ya yi aiki da birai a Suwizalan kafin ya koma Cambridge, ya gano cewa jijiyoyin dofamin sun fi motsawa idan lada ya zo ba zato, daga baya kuma sai su koma motsawa da ganin alamar ladan kawai. Peter Dayan, wanda lissafi ya karanta, yana cikin waɗanda suka mayar da wannan ƙa'idar lissafi a 1997. A Cambridge ɗin kuma akwai Barry Everitt, wanda ya faro daga ilimin dabbobi, da Trevor Robbins, wanda a ƙuruciyarsa yana cikin gwanayen darar Turawa ta ces a Ingila. Su suka bi yadda shan ganin dama yake rikiɗewa ya zama sabo, sabon ya zama dole.

Ɗaliban Kamaru da Cadi da ke karatu da Faransanci za su fi saurin cin karo da masanan birnin Bordeaux na Faransa. Michel Le Moal, tare da George Koob na Amurka, sun yi bayanin ɓangaren baƙin ciki na jaraba: lokacin da mutum ya daina sha don nishaɗi, ya koma sha don ya tsere wa ƙunci da rawar jikin da rashin abin ke jawowa. A 2004 ƙungiyar Pier Vincenzo Piazza ta nuna cewa ko a cikin ɓerayen da suka daɗe suna samun hodar iblis, ƙasa da kashi 20 cikin 100 ne suke kamuwa da gaske. A 2007 kuma ƙungiyar Serge Ahmed ta ba ɓeraye zaɓi tsakanin hodar da ruwa mai zaƙi, kashi 94 cikin 100 suka zaɓi zaƙin.

Waɗanda suka san abin a jikinsu

Ba duka masanan ne suka yarda a kira jaraba ciwon ƙwaƙwalwa ba, kuma masu jayayyar da yawansu daga rayuwarsu suka ɗauko hujja. Marc Lewis ɗan Kanada ya yi shekaru yana shan ƙwayoyi, ya daina yana wajen shekara 30, ya zama farfesa. A ganinsa jaraba koyo ne da ya yi zurfi, kuma abin da aka koya ana iya sauya shi. Judith Grisel ta Jami'ar Bucknell ta fara shan giya tana 13, ta daina komai tana 23, ta shiga fannin da burin samo magani. Carl Hart na Jami'ar Columbia baƙar fata ne da ya taso a unguwar talakawa a Miami, ya yi ƙwallon kwando da sana'ar sa faifai a wurin biki, ya shiga sojan sama, daga can ya kama karatu. Gwajinsa ya nuna cewa masu shan ƙwaya sukan zaɓi kuɗi su bar ƙwayar idan aka ba su zaɓi, don haka yake ɗora laifi mai yawa a kan talauci da rashin aikin yi. Bruce Alexander ma, a ƙarshen shekarun 1970, ya ga ɓerayen da ke zaune cikin 'yan uwansu a fili mai faɗi ba sa shan ruwan mofin, wani magani na dangin ofiyom, kamar na cikin keji, ko da yake wasu da suka maimaita gwajin ba su samu sakamako iri ɗaya ba. Hart ya wuce gona da iri da ya fito a 2021 yana cewa shi ma yana shan heroyin kuma babba mai hankali zai iya. Wanda ya ga matashi ya faɗi yana farfaɗiya bayan ya haɗiyi tiramol ba zai karɓi wannan magana ba. Amma batunsa na talauci yana da ƙarfi a inda ɗan acaɓa ke sha don ya jure rana, manomi kuma don ya gama huɗa.

A arewacin Kamaru da kewaye

Binciken ƙwaƙwalwa a yankin ya fi karkata ga farfaɗiya da magungunan gargajiya. Farfesa Elisabeth Ngo Bum ta Jami'ar Ngaundere ta yi suna wajen gwada tsirran da masu magani ke bayarwa don farfaɗiya da firgita. A Yawunde akwai Farfesa Alfred Njamnshi, likitan jijiyoyi da ya kafa ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta BRAIN. A Damaturu, Mahmoud Bukar Maina ya kafa cibiyar bincike a Jami'ar Jihar Yobe. Na'urar PET da irin kuɗin da Volkow ke juyawa sun yi wa jami'o'in Marwa, Garwa da Njamena nisa, shi ya sa mafi yawan abin da aka sani game da jaraba daga hodar iblis, heroyin da giyar Turai aka samo shi. Tiramol, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar kasuwa a 1977, aikinsa biyu ne: yana kama makarɓar ofiyom, yana kuma ƙara wasu sinadarai masu sa kuzari, kuma yawansa na jawo farfaɗiya. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, amma na bakin titi ƙwaya ɗaya takan kai 200 ko 225.

Yankin ya shiga littattafan kimiyya ta wata hanya da ba a zata ba. A 2013 ƙungiyar Michel De Waard ta Grenoble a Faransa, tare da ɗan Kamaru Germain Sotoing Taiwe, suka sanar cewa sun samu tiramol a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, wato itacen da kansa yake yin maganin. Labarin ya zagaya duniya. A 2014 ƙungiyar Michael Spiteller ta Dortmund a Jamus ta sake dubawa, ta tarar da tiramol a tafashiyar Arewa Mai Nisa, babu shi a ta kudu, ga shi kuma a ƙasa da ruwa da wasu tsirrai na kusa. Da suka zauna da manoma, sai manoman suka faɗa musu abin da kowa a ƙauyen ya sani: suna sha, suna kuma ba shanun huɗa don kada su gaji, shanun kuwa a inuwar itatuwan suke hutawa suna fitsari da kashi. 'Yan Grenoble ba su sallama nan take ba. A 2016 aka auna kabon-14, wanda ke cikin duk abin da tsiro mai rai ya haɗa amma babu shi a abin da aka yi daga man fetur, awon ya nuna tiramol ɗin na masana'anta ne.