Ku daina hura wuta a gindin itatuwan kurmi

Tun da hunturu ya kama, duk ƙauyen da na shiga duba gonaki abu ɗaya nake tararwa: ƙirya ko marke a tsaye, gindi ya yi baƙi ƙirin, toka a ƙasa. In na tambaya sai a ce, "Ai da kanta ta mutu, malam." Haba jama'a! Wani ne ya tara kara a gindinta da dare ya cinna wuta, don ta bushe ya samu hujjar sarewa ya yi gawayi.

Ku duba inda kurmi ya rage mana. Bakin rafi da fadama, inda saiwa ke kai wa ga ruwa ko da rani. Kan duwatsu, inda garma ba ta shiga. Kufai, inda kukokin kakanni suke. Sai maƙabarta, domin ana jin nauyin waɗanda ke kwance. Wanda ke bakin titi kuwa, inda motar gawayi ke iya tsayawa, tuni ya ƙare. Da can tsoron iskoki ne ke tsare wasu kurame. Tsoron ya tafi, to tsoron Allah fa? Wannan ɗan abin da ya rage shi kuke bi da wuta.

Na san halin da ake ciki, 'yan uwana, buhun gawayi kuɗi ne a hannu. Amma a kurmin nan matanmu ke samun kaɗe da kalwa da tsamiya, nan ake ɗebo sassaƙen magani, shi ke riƙe gaɓar rafi kada zaizaya ta ci gona. Wutar kuma ba ta tsayawa a itace ɗaya, tana cinye 'yan tsiron da za su gaje shi.

Manoman Maraɗi sun sha farin 1984, suka koma sassabin zamani, suna barin tohon kututture ya girma. Fili ya farfaɗo a Nijar har kimanin hekta miliyan 5. Mu kuma muna ƙone manya!

Don Allah:
- A daina wuta a gindin itace, ko don gawayi ko don korar gafiya.
- A share ciyawa kewaye da kurmi kafin iska ta yi ƙarfi.
- Itacen girki, a ɗebi busasshen reshe.
- Wanda ya ga hayaƙi a kurmi ya gaya wa mai unguwa nan take, ko da ɗan gidansu ne ya hura.