Mece ce waƙar sol? Bayani ta hanyar rayuwar Aretha Franklin

Duk mai sauraron kiɗan ƙasashen waje a waya ko a rediyo yana yawan cin karo da wata kalma da ake liƙa wa waƙoƙi, wato sol, wadda ake rubutawa soul da Turanci. Mawaƙi ya kwantar da murya, a ce sol yake yi. Waƙar soyayya ta zo da sanyin kiɗa, a ce sol ce. Sau da yawa kuma sai a jera ta da wata kalmar, a ce wance mawaƙiyar sol da gosfel ce, kamar dai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. To, ba ɗaya ba ne. Amma kuma ba a iya bayanin ɗaya a bar ɗaya, don gosfel ce ta haifi sol.

Gosfel ita ce abin da Kiristoci masu jin Hausa ke kira waƙoƙin bishara. Sai dai wadda ake nufi a nan salo ne na musamman da ya tashi a majami'un baƙaƙen fatar Amurka. Tushensa waƙoƙin ibada ne da bayi ke rerawa a gonakin auduga na kudancin ƙasar, mutum ɗaya ya ba da waƙa, sauran su amsa. An soke bauta a 1865, amma wariyar launin fata ta ci gaba, har ta sa baƙaƙen fata kusan miliyan 6 suka bar kudu tsakanin 1910 da 1970, suka nufi birane irin su Chicago da Detroit da New York neman aikin masana'anta. Da waƙoƙinsu suka tafi.

A Chicago ne wani mutum mai suna Thomas Dorsey ya ba salon siffar da aka san shi da ita. Tarihinsa abin lura ne, domin kafin ya zama uban gosfel makaɗin fiyano ne a gidajen rawa, yana kiɗan buluz, wato waƙoƙin ƙunci da soyayya na baƙaƙen fata, har da masu ɗan batsa-batsa. A 1932 matarsa ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai yi kwana biyu ba ya bi ta. Daga nan ya tsaya ga waƙar coci gaba ɗaya, amma hannunsa bai manta kiɗan da ya saba ba. Da farko manyan majami'u sun ƙi waƙoƙinsa, suka ce ƙamshin mashaya suke yi. Ke nan tun ranar gini, ita kanta gosfel ɗin da ake cewa an sata daga coci, da aron kiɗan duniya aka gina ta.

Idan ana son a gane salon da kunne, ga abin da za a saurara. Jagora yana ba da waƙa, 'yan amshi suna karɓa, jama'a suna tafi suna buga ƙafa. Mawaƙi yakan kama gaɓa guda ta kalma ya yi ta janta, ya hau da ita ya sauko, ya lanƙwasa ta kafin ya sake ta. Yakan shiga waƙa a makare da gangan, kiɗa ya yi gaba ya bar shi, sannan ya cim masa. Ana fara abin a natse, a ɗauki layi ɗaya a yi ta maimaitawa, zafi yana ƙaruwa, har murya ta dushe ta koma kururuwa. A coci ba a ɗaukar wannan dushewar a matsayin aibi. Ita ce shaidar cewa abin ya taɓa mai yinsa.

Sol kuwa ita ce wannan salon kansa, da amshinsa da tafinsa da jan muryarsa, amma an fito da shi daga coci an canza masa zance. Inda ake kiran Ubangiji, sai a kira masoyiya. Inda ake kukan zunubi, sai a yi kukan an yaudare ni. Ray Charles ya yi haka ƙiri-ƙiri a 1954, ya ɗauki karin wata waƙar coci ya ɗora mata yabon mace, malaman coci suka yi masa ca. Sam Cooke, wanda shi ne tauraron wata fitacciyar ƙungiyar gosfel mai suna Soul Stirrers, da zai fitar da waƙarsa ta duniya ta farko a 1957, sai ya ɓoye sunansa ya sa Dale Cook don tsoron masoyansa na coci. Bai ɓoyu ba, muryar ta tona shi. A ɗaya gefen kuma akwai Mahalia Jackson, babbar sarauniyar gosfel, wadda aka sha yi wa tayin kuɗi masu kauri ta yi buluz, ta ƙi har ta mutu a 1972. Wanda ya san cacar bakin da ake yi a nan gida kan masu bege da ke ɗora yabo a kan fiyanon waƙoƙin fim zai gane irin rigimar, sai dai can daga ɗakin ibada aka kwaso aka kai dandali, ba daga dandali aka shigo da shi ba.

Ita kalmar, asalin ma'anarta rai ko ruhi. A shekarun 1950 da 1960 baƙaƙen fatar Amurka suka mai da ita tambarin duk abin da yake nasu na gado, har abincin kudu da suka tashi da shi suna ce masa abincin sol. Mujallar Billboard, mai fitar da jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa, ta sa wa jerin waƙoƙin baƙaƙen fata wannan suna a 1969, ta ci gaba da amfani da shi har 1982.

Babu wanda rayuwarsa ta fi nuna yadda abin yake kamar Aretha Franklin. An haife ta ranar 25 ga Maris, 1942 a Memphis ta jihar Tennessee, amma a Detroit ta girma. Mahaifinta, C. L. Franklin, shi ne faston cocin New Bethel Baptist, mai wa'azin da ya yi suna har ana naɗar wa'azinsa a faifai ana sayarwa kamar waƙa. Shi kansa wa'azin nasa rabinsa waƙa ne: ya fara da magana, ya zarce da rerawa, jama'a suna amsa masa. Iyayenta sun rabu tana ƙarama, mahaifiyarta Barbara ta rasu a 1952, Aretha ba ta cika shekara 10 ba. Gidansu kuwa masaukin manya ne. Mahalia Jackson na zuwa, manyan mawaƙan gosfel Clara Ward da James Cleveland na zuwa, haka Sam Cooke da Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata. A tsakanin waɗannan mutane ta koyi fiyano da kunne, ba da takarda ba. Tana shekara 14, a 1956, aka naɗi muryarta a cikin cocin mahaifinta, ya zama faifanta na farko.

Da ta kai 18 ta ce za ta bi sahun Sam Cooke. Uban bai hana ba, shi ya ma taimaka mata ta tafi New York, ta sa hannu da kamfanin Columbia a 1960. Nan ne darasin yake ga mai neman ma'anar sol. Shekara shida ta yi a kamfanin, suna ba ta waƙoƙin jaz da na manyan otal, da tarin goge a bayanta, komai tsaf-tsaf. Muryar tana nan, faya-fayan ma ba a ce ba su da daɗi ba, amma kasuwa ba ta buɗe ba. An sami mai murya, an hana ta yin abin da ta iya.

A ƙarshen 1966 ta koma kamfanin Atlantic, hannun wani furodusa mai suna Jerry Wexler. A watan Janairun 1967 ya kai ta wani ƙaramin sutudiyo a Muscle Shoals ta jihar Alabama, ya zaunar da ita a gaban fiyano, ya ce makaɗa su bi ta. Abin da ya canza ke nan: maimakon a shirya kiɗa a kira ta ta hau, sai aka gina kiɗan a kan hannunta da muryarta, kamar yadda ake yi a coci. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, makaɗan sutudiyon nan fararen fata ne 'yan kudu. Zaman bai ma yi tsawo ba, rigima ta ɓarke tsakanin mijinta na lokacin da mutanen wurin, aka tashi da waƙa ɗaya tak da aka kammala. Waƙar ta fita ta sayar da kwafi sama da miliyan, aka kwaso makaɗan aka kai su New York aka ƙarasa aikin.

A cikin wannan aikin ne ta yi "Respect", kuma ya kamata a ɗan tsaya a kanta. Ba ita ta rubuta ba, Otis Redding ne ya yi ta a 1965. A bakinsa, magidanci ne ya dawo daga aiki yana cewa ga kuɗi na kawo, abin da nake so kawai a girmama ni idan na shigo gida. Aretha ta bar yawancin kalmomin yadda suke, amma da yake mace ce ke faɗa, sai zancen ya juye. Ta sa 'yan'uwanta mata biyu, Erma da Carolyn, suna yi mata amshi, ta ƙara wurin da take jero haruffan kalmar ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koya wa wanda ba ya jin magana karatu. Ba roƙo take ba, umarni take bayarwa, da murya irin ta mai wa'azi a kan mumbari. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1967, lokacin da gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata ke tafasa, mata ma suna tasu. Kowane ɓangare ya ɗauke ta tasa ce. Daga nan aka naɗa mata sarautar da ta bi ta har kabari, Sarauniyar Sol.

Ba waƙa kaɗai ta haɗa ta da gwagwarmayar ba. Mahaifinta na cikin waɗanda suka shirya babban tattakin Detroit na watan Yunin 1963 tare da Martin Luther King. Da aka kashe King a 1968, ta rera a taron juyayinsa wata waƙar ibada da Dorsey ya rubuta bayan rasuwar matarsa. A 1970 kuma ta fito fili ta ce a shirye take ta biya belin Angela Davis, 'yar gwagwarmayar da ke tsare.

Sai ga Janairun 1972. Tana kan ganiyarta, sai ta koma coci. Dare biyu ta yi a cocin New Temple Missionary Baptist da ke Los Angeles, tare da James Cleveland da ƙungiyar mawaƙansa, aka naɗi faifan Amazing Grace a gaban jama'a. An ɗauki hoton bidiyon zaman, ko da yake matsalar haɗa sauti da hoto da wasu rigingimu sun sa bai fito ba sai 2018. A ciki za ka ga ta kama tsohuwar waƙar ibada da ba ta wuce 'yan baitoci ba, ta ja ta fiye da minti 10, idonta a rufe, gumi na zuba. Cleveland da ke kaɗa mata fiyano ya kasa, ya tashi ya koma gefe yana kuka, wani ya karɓe shi. A dare na biyu mahaifinta ya taso daga cikin jama'a ya share mata gumi tana tsakiyar waƙa, ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi ba. Faifan ya sayar da kwafi sama da miliyan 2 a Amurka. A ganina, wanda ya saurari wannan ya kuma saurari waƙoƙinta na 1967 zai sha wahala kafin ya nuna inda muryar ta bambanta. Zancen ne ya bambanta, da wurin da ake yinsa, da wanda ake kira.

Sauran tarihin nata sananne ne. Ta ci kyautar Grammy 18. A 1987 ta zama mace ta farko da aka shigar zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame. Ta yi waƙa a bikin rantsar da Barack Obama a 2009. An san ta da cewa sai an biya ta kuɗinta a hannu kafin ta hau dandali, ta kuma hau da jakarta ta ajiye inda idonta ke gani, don ta ga yadda aka cuci mawaƙa baƙaƙen fata da suka gabace ta. Ta rasu a Detroit ranar 16 ga Agusta, 2018, tana da shekara 76, bayan fama da ciwon daji.

Ba ita kaɗai ta riƙa kai-komo tsakanin gidajen biyu ba. Al Green, da ya gama cin kasuwar waƙoƙin soyayya, a 1976 ya buɗe coci a Memphis ya zama fasto. Sol ɗin ma ba iri ɗaya ba ce: ta kamfanin Motown na Detroit a goge take, an yi mata kwalliya don ta shiga gidajen fararen fata, ta kamfanin Stax na Memphis kuwa ta fi kaushi da ƙarar ƙaho. Guguwar ta iso har Afirka ta Yamma. James Brown ya zo Legas a 1970, sannan ranar 6 ga Maris, 1971 aka yi gagarumin bikin Soul to Soul a Accra, inda Wilson Pickett da Roberta Flack da Staple Singers suka yi wasa.

Yau kalmar ta yi faɗi. A shekarun 1990 aka sami sabon salo a bakin irin su Erykah Badu da D'Angelo, daga baya Turawan Ingila irin su Amy Winehouse da Adele ma aka sa su a layin. Wasunsu sun cancanta. Amma manhajojin sauraron waƙa sukan tara duk wata waƙa mai sanyi su sa mata sunan, ko da babu amshi a cikinta, babu hawa da sauka, babu inda muryar ta kai maƙura. Yawancin waɗannan waƙoƙin soyayya ne kawai masu taushin kiɗa, kuma mai yinsu bai taɓa tsayawa gaban jama'ar da za ta amsa masa ba.