Sauya manhajar inji a motoci masu turbo

Sauya manhajar inji ita ce gyara umarnin da ke cikin kwamfutar injin mota, wadda ake kira ECU, domin inji ya ba da ƙarfi fiye da yadda ya fito daga kamfani. An fi yin ta ga motoci masu turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa don ta tura ƙarin iska cikin inji, saboda a cikinsu kwamfuta ce ke ƙayyade yawan iskar da ake cusa wa silinda. In aka ƙara iskar, aka ƙara mai daidai da ita, ƙarfi ya ƙaru ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Injin da ba shi da turbo kuwa ɗan abin da yake samu bai taka kara ya karya ba.

Tarihi

Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar fasahar turbo a 1905, amma sai a 1962 ta shiga ƙananan motocin kasuwa, da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair a Amurka. A wancan zamani, da hannu ake ƙara matsin iska, ta hanyar taɓa bawul ɗin da ke karkatar da hayaƙi daga turbo. A 1979 kamfanin Bosch ya fitar da Motronic, kwamfutar da ta haɗa sarrafa mai da wutar fulogi wuri guda. A farkon shekarun 1980 Saab ya zo da tsarin APC, mai sauraren ƙwanƙwasar inji, wato ƙarar da mai ke yi in ya fashe ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda, ya rage matsi da kansa.

Masu gyara na farko buɗe kwamfutar suke yi, su cire ɗan guntun da ke ɗauke da bayanan, su sa wani da suka rubuta wa sababbin alƙaluma. Aiki ne na dalma da haƙuri, kuskure kaɗan kan kashe kwamfutar. Abin ya sauƙaƙa bayan Amurka ta wajabta soket ɗin OBD-II a motocin 1996, Turai ta biyo baya da irin nata a 2001 ga motocin fetur. An yi soket ɗin ne don binciken matsalar hayaƙi, sai ga shi ya zama ƙofar loda sabuwar manhaja cikin mintuna. Daga wajen shekarun 2010 kamfanonin motoci suka tsananta kulle kwamfutocinsu, har wasu sai an ciro su daga mota kafin a iya rubuta musu.

Ire-irensu

Akwai manhajar da aka riga aka shirya wa wani samfurin mota, irin wadda kamfanonin APR da Cobb da Revo ke sayarwa. Akwai wadda ake tsara wa mota guda a kan na'urar auna ƙarfi, ita ta fi tsada, ita kuma ta fi dacewa da motar da aka canza wa kaya. Na uku akwati ne da ake jonawa tsakanin na'urorin awo da kwamfuta, ya riƙa ba ta alƙaluman ƙarya.

Masu sayarwa kan kasa manhajar zuwa mataki na 1 da na 2 da na 3. Babu hukumar da ta tsayar da ma'anarsu, amma galibi na 1 manhaja ce kaɗai, na 2 ya haɗa da faɗaɗa salansa da na'urar sanyaya iska, na 3 sai an canza turbo.

Abin dubawa wajen zaɓi

Ingancin fetur ne kan gaba. Manhajar da aka rubuta don fetur mai lambar oktan 98, wato ma'aunin juriyarsa ga ƙwanƙwasa, in aka zuba wa motar mai 91, inji kan yi ƙwanƙwasa, wadda ke iya fasa fistin. Kuloci da giya ma suna da iyakar abin da za su ɗauka, shi ya sa tsohon kuloci kan fara zamewa bayan gyaran. Alƙaluman ƙarfin da ke cikin talla ba su cika zama abin dogaro ba, tun da na'urorin awo sun bambanta.

Doka da garanti

Kamfanonin motoci kan ƙi biyan gyaran injin da aka taɓa manhajarsa, kuma mayar da ta asali ba lallai ya ɓoye alamar ba. A Amurka doka ta hana kashe na'urorin rage hayaƙi. A Jamus sai gyaran ya samu amincewar masu binciken motoci, a Birtaniya kuma dole a sanar da kamfanin inshora. Ana taƙaddama kan ko gyaran na rage shan mai.