Sana'ar kayan ƙwalama a Jos

Sana'ar kayan ƙwalama ita ce sarrafa ƙananan abubuwan taɓa ka lashe domin sayarwa, irin su cincin, ƙuli-ƙuli, gyaɗa mai sukari, kantun riɗi, alkaki, dubulan da soyayyen dankalin Turawa. A Jos tana cikin sana'o'in da ake shiga da ƙaramin jari, kuma mafi yawan masu yin ta mata ne da ke aiki a cikin gidajensu, a unguwanni irin su Gangare, Unguwar Rogo da Rikkos.

Garin da kansa ya taimaki sana'ar. Haƙar kuza ce ta tara mutane a nan tun farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa ya iso, sai Jos ta zama garin leburori da matafiya, masu neman abin da za su jefa a baki suna tafe. Mafi yawan dankalin Turawan da ake nomawa a Najeriya daga tsaunin Filato yake fitowa, musamman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Akwai kuma babban misali a idon kowa: kamfanin NASCO, wanda Ahmed Idris Nasreddin ya kafa a 1963, da buhunan algarara ya fara kafin biskit ɗinsa ya zagaye ƙasar.

Daga faranti zuwa shago

Yawanci da mudun fulawa ɗaya ko tiyar gyaɗa ake farawa, da kuɗin kwasar adashi ko gudummawar biki. Mai ƙuli-ƙuli ta fi saurin tsayawa da ƙafarta, domin haja biyu take fitarwa daga gyaɗa ɗaya: ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai ta sayar a kwalba, tunkuzar kuma ta mulmula ta soya. Mai cincin tana murza kwaɓin a kan tire, ta yayyanka da wuƙa, ta soya, ta baza a faifai ya huce. Daga nan sai ƙulli. Ana zuba 'yan ƙwayoyi a farar leda, a ninke bakin, a gifta shi ta gefen harshen kyandir har ya liƙe. Wadda ta ƙware ba ta ƙona yatsa, ba ta huda leda.

A wannan mataki talla ce kasuwa, kuma nan ne tabon sana'ar yake, don sau da yawa yarinyar da ke ɗauke da farantin a lokacin makaranta take yawo. Ranar da mai sana'a ta samu mai tireda ko mai shayin da zai riƙa karɓar kayanta, ba ciniki kaɗai ta samu ba, ta sauke wa 'yarta faranti.

Sai dai mai shago ba ya biya nan take. Sai kaya sun ƙare yake ba da kuɗi, abin da ya yi kwantai kuma ya dawo wa mai shi. Jarin da dā yake juyawa kullum yanzu sai ya kwana bakwai ko fiye a hannun wani. Sana'o'i da dama a nan suke durƙushewa, ba don kayan ba su da daɗi ba, sai don an ci uwar kuɗi a cefane kafin bashi ya fito. Waɗanda suka tsallake galibi su ne suka raba asusun gida da na sana'a, suka riƙe littafin bashi.

Daga leda zuwa tambari

Manyan kantuna na neman kaya mai suna da lambar hukuma. Mai sana'a za ta yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sannan ta nemi lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 domin kula da ingancin abinci da magunguna. Ana duba wurin aiki, wanda ya kamata ya zama daban da madafin gida, a gwada kayan, a kuma buƙaci takardar jikin leda ta nuna abin da aka haɗa, ranar yi da ranar lalacewa. Injin liƙe leda ya maye gurbin kyandir, sikeli ya maye gurbin ƙiyasin hannu, a ɗauki ma'aikata.

Abin da ke hana kaya daɗewa shi ne danshi da tsohon mai. Da hunturu busasshiyar iskar Jos tana barin cincin da ƙaras-ƙaras ɗinsa, amma da damina ƙaramar kafa a leda ta isa ta sa ya yi laushi. Man da aka yi ta maimaita suya da shi yana sa kaya ɗaci da wari. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa tana ɗauke da gubar afalatokzin mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita, don haka tsince gyaɗa ƙwaya-ƙwaya ba ɓata lokaci ba ne.

Masu sana'ar sun sha wuya daga abubuwan da ba su da hannu a ciki. Gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002 ta watsa 'yan kasuwa bakin titi, rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba masu kaya da tsofaffin abokan cinikinsu, cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma ya ɗaga kuɗin mota da na janareta. Mai ƙullin ƙwalama ba ta iya ƙara farashi yadda take so, sai dai ta rage auki.

A 'yan shekarun nan waya ta buɗe wata ƙofa. Ana tallata kaya a WhatsApp da Facebook, a karɓi kuɗi ta banki kafin a ɗora kasko. Oda ta fi yawa gab da sallah da lokacin bukukuwa, inda ake neman bokitan cincin da alkaki da dubulan na gara, a ɗaure su a kwali a ba direba a tasha ya sauke a Abuja, Bauchi ko Kaduna.