Gyaran shagunan tasha a Damagaram

Gyaran shagunan tasha aiki ne na sabunta rufi, bango, daɓe, ƙofa da wayoyin wuta na shagunan da ke cikin tasha ko jikin katangarta, alhali ana ci gaba da lodi. A biranen da jirgin ƙasa ke zuwa, a tashar jirgi ake yin irinsa. Layin dogo bai iso Damagaram ba, don haka tashoshin mota ake nufi a nan, masu lodin Maraɗi da Yamai, Diffa, Agadas da Kano.

Asali

Ciniki a masaukin matafiya ya girmi mota a wannan gari. Unguwar Zango, a wajen ganuwar Birni, nan ne ayarin raƙuma ke sauka a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu wajen 1884, lokacin da Damagaram ke kan hanyar fatauci tsakanin Tarabulus da Kano. Faransawa sun kama garin a 1899, ya kuma zama babban birnin mulkinsu a Nijar daga wajen 1911 zuwa 1926, kafin a mai da shi Yamai. A daidai wannan tsakani jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1911 ko farkon 1912, sai akalar kasuwanci ta juya kudu. Gyaɗa da fatu suka riƙa bin hanyar Kano mai kimanin kilomita 240, da farko a kan raƙuma da jakai, daga baya a manyan motoci. Inda mota ta tsaya, nan mai shayi da mai goro suka kafa rumfar zana. Rumfa ta zama ɗakin laka, daga bisani aka zo da bulo da kwano. Shi ya sa ake samun shago ɗaya mai bangon laka a ciki da shafen siminti a waje, kuma daga nan yawancin ɓarna ke farawa.

Yadda ake aikin

Ba a gyara layin shaguna gaba ɗaya a lokaci guda. Ana ɗaukar biyu ko uku, a kewaye su da shingen kwano, a bar wa fasinjoji da masu dako hanya. Manyan motocin safa da asuba suke tashi, don haka sauke yashi da bulo sai hantsi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina, daga Oktoba zuwa Fabrairu.

Daga sama ake farawa. A cire tsohon kwano, a duba katakon da gara ta ci, a musanya shi da wanda aka shafa wa magani ko da ƙarfe. Sabon kwano ya hau kan ɗan uwansa da santimita 15 zuwa 20, a ɗaure jigon rufin da waya ko rodi cikin bango, domin iskar farkon damina rufin da aka kafa da ƙusa kaɗai take fara ɗagawa.

Shafe shi ne inda aka fi yin asara. Siminti ba ya kama laka da kansa. Ruwa na shiga ta tsaga, lakar ta jiƙe a baya, shafen ya ɓamɓaro faifai guda. Magini mai sanin aiki yakan kankare tsohon shafe, ya kafa ragar waya da ƙusoshi, sannan ya yi yaɓe mai kaurin santimita 1.5 zuwa 2, da buhun siminti ɗaya na kilo 50 a kan baro biyu da rabi na yashi. Dole a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. A garin da ruwan famfo ke yankewa, wannan na nufin sayen ruwan garuwa, kuma abin takaici shi ne kuɗin da masu shago suka fi ƙyashin biya. Da hunturu kuwa yaɓen da bai sha ruwa ba cikin ƴan kwanaki yake tsattsagewa. Fenti sai bayan mako uku.

Daɓe yana ɗara filin tasha da santimita 15 zuwa 20, don kada ruwan sama da baƙin mai su malalo ciki.

Wuta

Wayar fitila mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ce, ta soket 2.5, duk cikin bututu. Firjin ruwan sanyi da teburin cajin waya kowanne da layinsa da abin katse wuta nasa. Jona shaguna da yawa a waya ɗaya yana sa ta yi zafi har ta narke. Waldar ƙofa ana yin ta nesa da masu sayar da fetur a kwalba, a kuma shafa wa ƙarfen maganin tsatsa kafin a kafa.

Haya

Ana yawan saɓani a kan wanda zai biya kuɗin gyara, da ko tsohon ɗan haya zai koma shagonsa a kan tsohon farashi. Wasu na rubuta yarjejeniya, wasu kuma shaidu kawai suke kafawa.