Waiwaye: Otal-otal ɗin Alfarma na Maldives da Tsibirin da Ke Karɓar Shararsu

Ranar 3 ga Oktoba 1972 aka buɗe otal na farko na masu yawon buɗe ido a Maldives, a wani ɗan tsibiri da ake kira Vihamanaafushi, kusa da Male babban birnin ƙasar. Kurumba aka raɗa masa, wato ɗanyar kwakwa a Dhivehi, harshen ƙasar. Ɗakuna 30 ne kacal, bangonsu na dutsen murjani da aka faso daga teku, jinkarsu ta ganyen kwakwa. Mohamed Umar Maniku da abokansa ne suka gina shi, tare da wani ɗan Italiya mai suna George Corbin da ya riƙa kawo musu baƙi. Kafin nan wasu masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun zo sun duba, suka ce wannan sana'a ba za ta yiwu a nan ba, babu ruwa, babu wuta, babu hanyar sufuri. A 2024 baƙin da suka shiga ƙasar sun haura miliyan 2, alhali mutanen da ke zaune a cikinta ba su wuce rabin miliyan da 'yan kai ba.

Abin da ya ɗaga wannan kasuwa shi ne tsarin tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Ƙasar na da tsibirai kusan 1,200 a Tekun Indiya, kuma waɗanda mutane ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Sai gwamnati ta riƙa bayar da hayar waɗanda babu kowa. Ga ƙasar Musulmi wannan ya zo daidai: giya da shigar wanka su tsaya can, jama'ar gari su zauna nan. A 1984 gwamnatin Maumoon Abdul Gayoom ma ta hana saukar da baƙi a tsibiran da jama'a ke zaune. Baƙo ya sami kaɗaicin da ya biya kuɗi dominsa, amma masunci da ke hango fitilun otal daga bakin ruwan garinsu ba ya da hanyar sayar masa ko da shayi.

Kowane otal kuma ƙaramin gari ne mai cin gashin kansa. Janareta na shan dizal dare da rana, da wutarsa ake tace ruwan teku a mayar da shi na sha, da ita ake sanyaya ɗakuna. Kusan duk abincin daga waje yake zuwa. To ina sharar take tafiya? A 1992 aka fara zuba ta a wani tafkin teku mai suna Thilafushi, 'yan kilomitoci yamma da Male. Aka yi ta zubawa ana rufewa da yashi har jujin ya zama tsibiri, aka kafa masana'antu a kansa. Shekara da shekaru hayaƙinsa na tashi, ma'aikata 'yan ci-rani, akasarinsu daga Bangladesh, na tonon robobi da batura a ciki. Ba sharar otal kaɗai ke zuwa can ba, ta Male ma tana da yawa, amma tsabtar da baƙo ke gani a bakin ruwan otal ɗinsa, wani ɓangarenta kwale-kwalen shara ne ya samar da ita.

Teku ne ya fara tsorata masu otal. A 1998 ruwa ya yi zafin da ba a saba ba, murjani, wato ƙananan halittun ruwa da ke gina duwatsun da ke kewaye da tsibiran, ya yi fari fat, mafi yawan wanda ke kusa da saman ruwa ya mutu. Murjani ba ado ba ne kawai: shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa, kuma daga gare shi farin yashin nan yake fitowa. A ƙasar da kashi 80 cikin 100 na filinta bai kai mita ɗaya a saman teku ba, mutuwarsa tamkar rushewar katangar gida ce. Igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 ta ƙara nuna hakan, sannan a 2016 zafin ya dawo.

Cikin masu otal, sunan da aka fi ambata a wannan fage shi ne Soneva Fushi, wanda Sonu Shivdasani da matarsa Eva suka buɗe a 1995 a yankin Baa. A 2008 suka daina shigo da ruwan gora daga waje, suka koma tace nasu suna zubawa a kwalabe. A shekarar kuma suka ɗora kashi 2 cikin 100 a kan kuɗin ɗaki domin ayyukan muhalli. Ragowar abinci takan zama taki, fasassun kwalabe a narka su a ƙera kayan ado. Wasu suka bi sahu, kowa da nasa: Four Seasons na dasa ɓallin murjani a kan firam ɗin ƙarfe, Kudadoo da aka buɗe a 2018 ya lulluɓe rufin babban gininsa da farantan sola. Yau da wuya ka ga otal mai tsada da ba ya da masanin halittun ruwa a cikin ma'aikatansa. A ganina aikin da ya fi duka nauyi shi ne wanda ya tsallaka ruwa zuwa ga maƙwabta: shirin Namoona, da Soneva ya ƙulla da tsibiran Maalhos da Dharavandhoo da Kihaadhoo a 2019, wanda ya kai Maalhos ga daina ƙona shara a fili a 2020.

Ita ma gwamnati ta motsa. Shugaba Mohamed Nasheed ya yi zaman majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa a Oktoba 2009 don jan hankalin duniya kan ɗumamar yanayi, kuma a shekarar aka ɗage haramcin 1984, har tsibiri irin Maafushi ya cika da ƙananan masaukai na 'yan gari. An hana kamun kifin shak a 2010. UNESCO ta sanya yankin Baa cikin wuraren da ake karewa a 2011. Harajin muhalli na dala 6 a kowane dare ya fara a 2015, aka ninka shi zuwa 12 daga Janairu 2025.

Ta ɓangaren ma'aikata tafiyar hawainiya ake yi. Sai a 2021 aka wajabta cajin hidima na kashi 10 cikin 100 wanda ake raba wa ma'aikata, sai a 2022 aka fara albashi mafi ƙanƙanta, amma a albashin aka bar 'yan ci-rani a waje, duk da cewa su ne ke riƙe da kicin da wanki da gini a wurare da yawa. Kuɗin hayar tsibiran ma bai tsira ba: badaƙalar da ta fito fili a 2015, ta miliyoyin daloli da suka salwanta ta hannun kamfanin gwamnati mai tallata yawon buɗe ido, tana cikin abubuwan da suka kai tsohon mataimakin shugaban ƙasa Ahmed Adeeb gidan yari.

Sabon babin shi ne cike teku. Tsibiran da ke kusa da filin jirgin sama sun ƙare, don haka ake yaso yashi daga ƙasan teku a tula a tafkuna a ƙirƙiri sababbi, kamar yadda aka yi a Emboodhoo inda aka buɗe rukunin otal-otal na Crossroads a 2019. Laka da wannan aikin ke tayarwa kan shaƙe murjanin da ke kewaye, sannan bayan an gama gini a kira baƙi su biya kuɗi su dasa sabo. Tsibirin da aka tula jiya kuma ba ya da inuwa, baƙo kuwa bai zo ganin fako ba. Saboda haka ake zuwa tsibiran da jama'a ke zaune a sayi manyan bishiyoyin kwakwa, a tuge su da saiwarsu, a loda a jirgin ruwa, a kai su gaban ɗakunan otal a dasa.